Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga shugabannin makarantun tauhidi na Arewa: "Malam, yau me aka ce mu je mu yi?"

Zuwa ga iyayenmu Rabaran-Rabaran da Daktoci, shugabanni da malaman makarantun tauhidi da makarantun Littafi Mai Tsarki na Arewa,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina gajiya, yaya aiki, yaya iyali da ɗalibai? Allah ya ƙara muku ƙarfi da lafiya, amin.

Iyayena ku gafarce ni da na zaɓi in yi maganar nan a fili. Na san ba tarbiyya ba ce yaro ya tsaya gaban manya yana nuna musu inda rufin ɗaki ke yoyo, amma dai gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Kuma ni ba bare ba ne, na sha ruwan rijiyarku, shekara 3 na yi a ɗaya daga cikin makarantunku, difloma ta tana nan rataye a bango har gizo-gizo ya fara yi mata ado. Ba zan faɗi wace makaranta ba ce don ba da ita kaɗai nake ba. Ban zama fasto ba, firamare nake koyarwa, amma ni ne magatakardan ikilisiyarmu shekara 9 ke nan, to fastoci huɗu da kuka yaye sun zo sun wuce ina riƙe da littafin mitin, na ga zuwansu na ga tafiyarsu, shi ya sa nake ganin ina da ɗan abin faɗa.

Bari in fara da abin da ya hana ni barci har na ɗauki waya na fara rubutun nan.

Wata Lahadi ce cikin zafin Maris, irin zafin da kwanon majami'a ke ƙara kamar ana soya gyaɗa a sama. Sabon fastonmu, yaro mai hankali mai ladabi, gaskiya ba ni da abin zarginsa a hali, ya hau bagade da kwat da taye, ya buɗe Yakubu sura 2. Minti 45 ya yi. Ya gaya mana akwai Yakubu fiye da ɗaya a Sabon Alkawari kuma masana sun yi ta muhawara kan wanne ne ya rubuta wasiƙar, ya gaya mana yadda Martin Luther, malamin tauhidin nan na Jamus, a 1522 ya kira ta wasiƙar ciyawa don yana ganin ba ta kai na Bulus ba, ya kawo kalmar bangaskiya da Helenanci ya kawo ta ayyuka, ya sa muka maimaita bayansa, rabin maganar da Turanci rabi da Hausa, Hausar ma irin wadda aka jiƙa da Turanci aka shanya. Ni kam na ji daɗi, don ya tuna mini da aji, har ina gyaɗa kai. Da aka tashi ina bakin ƙofa ina harhaɗa kwandunan baiko sai wata tsohuwa, cikin iyayenmu Matan Zumunta, ta riƙo hannun rigata ta ce, "Malam, yau me aka ce mu je mu yi?"

Na buɗe baki na rufe. Ban da amsa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, a bencin baya na wannan majami'ar, a wannan ranar, akwai wani mutum da matarsa da 'ya'ya shida da suka gudo daga ƙauyensu bayan an kai hari, sati biyu suna kwana a ajin makarantar Lahadi a kan buhu. Ayar da aka karanta kuwa, 15 da 16, ita ce mai cewa in ɗan'uwa ko 'yar'uwa ba su da sutura ba su da abincin yini, sai waninku ya ce musu ku sauka lafiya, ku ji ɗumi ku ƙoshi, bai ba su komai ba, ina amfanin wannan? Ayar tana zaune a bencin baya da ƙafafunta, mu muna neman ta a Jamus. Ranar Talata da yamma matan nan suka taru a gindin darbejiya kamar yadda suka saba, ba wanda ya ce musu komai, kowace ta zo da abin da ta samu, mai mudun masara, mai ƙullin kuka da daddawa, mai tsohon zane, wata ta kawo tukunya, tsohuwar nan ta ɗauki 'yan matan biyu ta kai ɗakinta. A cikinsu ba wadda ta taɓa jin sunan Luther kafin ranar nan, kuma na tabbata zuwa Talata sun manta shi.

Kada ku ce na sa yaron nan a gaba. Abin da kuka ba shi ya kawo mana. Ni ma haka na fito. Ina shekara ta biyu aka ba mu aiki kan Romawa 12, na rubuta shafi 12 cif, na shiga laburare na kwaso littattafan sharhi, malam ya ba ni maki mafi girma a aji har ya karanta wani wuri a gaban kowa. A wannan zangon ɗin dai, wata guda cur ba na magana da abokin ɗakina saboda ya ƙarar mini da kananzir a risho bai faɗa mini ba. Muna kwana ɗaki ɗaya, muna zuwa sujadar safe tare, muna rera waƙa ɗaya, ba ko ina kwana. Ba malamin da ya sani, in ma sun sani ba gurbin da za a rubuta wannan a takardar sakamako. Takardar ta ce na san Romawa 12 fiye da kowa.

Wanda ya san Romawa 12 da gaske babana ne, Allah ya ba shi hutawa. Mai bishara ne na ƙauye, shekara 2 kawai ya yi a makarantar Littafi Mai Tsarki ta Hausa, irin ta da, wadda ake zuwa da mata da 'ya'ya, a yi karatu da safe a tafi gona da yamma. Littafinsa tsohuwar fassarar nan ce, bangon ya mutu har ya sa baduku ya ɗinka masa na fatar akuya. Akwai wani maƙwabcinmu da ya ci masa iyakar gona, ya kuma kai shi gaban mai unguwa da ƙarya, aka ba wa mutumin gaskiya, kunya biyar na gonarmu suka tafi. Ba a yi wata uku ba, cikin damina da dare, gobe-da-nisa ta sari ɗan mutumin nan. Keke ɗaya ne a unguwar, na babana. Ina ji ina gani ya tashi ya ɗaure yaron a bayansa da zanen mamata, ya tura keken cikin taɓo, uban yana binsa a guje da fitilar ƙwai, sai da asuba suka isa asibitin mishan. Yaron ya rayu. Da babana ya dawo ƙafafunsa duk ƙaya, ni da ƙuruciya da haushi na ce, Baba mutumin da ya cuce mu? Bai ce komai ba sai ya miƙo mini Littafin ya ce in karanta Romawa 12 aya 20, in maƙiyinka yana jin yunwa ka ba shi abinci. Na karanta. Ya ce, "To ka ga inda aka ce sai ka huce tukuna?" Ya juya ya kwanta. Gonar kuwa ba a dawo mana da ita ba har yau, kada ku ɗauka labarin ya ƙare kamar na wasan kwaikwayo.

Iyayena, kun fi ni sanin Ezra 7:10, ku kuka koya mini ita. Ezra ya sa zuciyarsa ga nazarin shari'ar Ubangiji, da aikata ta, da koyar da ita. Abu uku ne a jere, kuma aikatawa ce a tsakiya, ita ce gadar. Abin da nake gani yanzu shi ne ɗalibi na tsallakawa daga nazari ya dira kan koyarwa, gadar ba wanda ya tambaye shi ko ya bi ta kanta. Ku duba 1 Timoti 3, inda Bulus ya jera abin da ake nema ga mai kula da ikilisiya, marar abin zargi, mijin mace ɗaya, mai kamun kai, mai karɓar baƙi, ba mashayi ba, ba mafaɗaci ba, ba mai son kuɗi ba, mai iya riƙe gidansa, wanda har na waje ke yi masa kyakkyawar shaida. A duk jerin nan abu ɗaya ne tak ya shafi aji, wato iya koyarwa. Mu kuma mun ɗauki wannan ɗayan mun ba shi shekara 4 da jarabawa da furojet da rigar yaye ɗalibai, sauran duka mun bar su ga wasiƙar shaida guda ɗaya da faston gida ke rubutawa ranar neman shiga, wadda ni kaina na sha buga irinta na kai a sa hannu, kuma Allah ya gafarta mana, ba kullum muke faɗin abin da muka sani ba.

Akwai wani wuri a Matiyu 2 da ke ba ni tsoro duk Kirsimeti. Da masanan nan suka zo daga gabas suna tambaya, Hirudus ya tara manyan firistoci da malaman Attaura ya ce ina za a haifi Almasihu? Nan take suka ba shi amsa, Baitalami ta Yahudiya, suka kawo annabi Mika, ba su yi kuskure ko na wasali ɗaya ba. Da jarabawa ce sun cinye. Daga Urushalima zuwa Baitalami bai kai kilomita 10 ba, tafiyar da mamata ke yi zuwa kasuwa da kaya a ka. Ba a rubuta mana cewa ko ɗaya daga cikinsu ya ɗauki sandarsa ya je ya gani ba. Baƙi ne da ba su da Attaura suka je.

Haka masanin Attauran nan na Luka 10. Ya san amsa, ka ƙaunaci Allah ka ƙaunaci maƙwabcinka, Yesu ma ya ce masa ka amsa daidai, yi haka za ka rayu. Sai ya ga maganar ta zo kusa da jiki, ya mai da ita muhawara, wai wane ne maƙwabcina? Irin tambayar da za a iya yin mastas a kanta. Yesu ya ba shi labarin Basamariye, ya ce je ka yi haka. Mu 'yan Arewa ba mu da hujjar cewa ba mu gane labarin nan ba, don an yi shi a gabanmu. A watan Yunin 2018, da aka kai hari ƙauyukan Barikin Ladi a Filato, Liman Abubakar Abdullahi na Nghar Yelwa, dattijo mai shekara sama da 80, ya buɗe masallacinsa da gidansa ya ɓoye mutum fiye da 200, yawancinsu Kirista, ya fita ya tsaya gaban masu makamai ya ƙi ba da su. Har Amurka ta karrama shi a 2019. Ban san ɗalibai nawa ne suka rubuta jarabawa kan Luka 10 a wannan shekarar a Jos da Bukuru ba, nisan ba wani mai yawa ba ne, amma da ni ne malami da na kwashi ajin gaba ɗaya a mota mun je mun gaishe shi mun zauna a tabarma. Maƙwabtanmu Musulmi ma in za su yabi malami sai su ce mai aiki da iliminsa ne, wato su ma sun san akwai wanda ba ya yi.

To yanzu kada wani ya ɗauki wasiƙar nan ya je yana cewa ga shi nan, dama mun ce karatun tauhidi kashe Ruhu yake yi. A'a, ba da yawuna ba. Na san abin da rashin sani ke yi mana. Ina gani da idona yadda masu kiran kansu annabawa ke buɗe shago a kowane lungu suna sayar da mai da ruwa da hankici, suna gaya wa mace cewa uwar mijinta ce ta ɗaure mata mahaifa, suna raba gidaje, suna sa mai ciwon suga ya zubar da maganinsa, kuma duk da aya a bakinsu. Wanda zai iya tsayawa ya ce ayar nan ba haka take nufi ba, ai sai wanda ya yi karatu. Afolos ma da zafinsa da iya bakinsa sai da Bilkisu da Akila suka ja shi gefe suka ƙara fayyace masa hanyar Allah. Littafin Hausa da babana ya riƙe har ya mutu, wanda ya fito cikakke a 1932, ba daga sama ya faɗo ba, Dakta Walter Miller na Zariya da abokan aikinsa, Turawa da Hausawa, sun yi shekaru suna fama da kalma ɗaya-ɗaya. Da ba su yi wannan karatun ba da babana bai sami Romawa 12 da zai miƙo mini ba. Byang Kato ɗan Kwoi ne, namu ne, ya yi karatu tun daga Igbaja har Landan har Dallas ya zama dakta, a 1973 ya zama ɗan Afirka na farko da ya riƙe babban magatakardan ƙungiyar masu bishara ta Afirka da Madagaska, kuma kukan da ya yi ta yi kafin ruwa ya ci shi a gaɓar Mombasa a Disambar 1975 yana ɗan shekara 39 shi ne ikilisiyar Afirka tana da faɗi amma ba zurfi, a gina manyan makarantu. Waɗanda suka buɗe TCNN, makarantar tauhidi ta Bukuru, aka fara karatu a 1959, da waɗanda suka kafa JETS ta Jos a 1980, da na Kagoro da na Gindiri da na Kwarhi, alheri suka yi mana, ba mai musu. Ba cewa nake a rufe laburare ba. Cewa nake ƙofar laburaren ta daina kallon ofis kawai, ta kalli unguwa.

In kun tambaye ni daga ina matsalar ta faro, ni a ganina daga ranar da satifiket ya zama shi ne ma'aunin albashi da wurin aiki. Ina zama a mitin ɗin gunduma, na san yadda ake yi. Mai satifiket matakinsa daban, mai difloma daban, mai digiri daban, mai mastas kuwa ba a ma tunanin tura shi inda ba wuta ba sabis. To yaro ba wawa ba ne, ya ga hanyar fita daga ƙauye ita ce ƙarin takarda, sai ya yi shekara 2 a daji yana ƙirga kwanaki, ya nemi hutun karatu, ya dawo a ba shi gari. Mai bishara da ya yi shekara 30 yana kafa ikilisiyoyi a inda mota ba ta zuwa, ya yi wa ɗaruruwa wa'azi har suka tuba, shi ba zai ba da jibin Ubangiji ba, sai ya jira yaron da aka haifa a hannunsa ya zo a babur wata uku sau ɗaya. Ranar babban taro a ba wa Daktoci kujerun gaba masu laushi, shi yana can baya a benci da tsohuwar rigarsa.

Amma in ɓera da sata daddawa ma da wari. Mu 'yan ikilisiya muna da namu. Mu ne in za a kawo mana fasto muke aika dattawa hedikwata a asirce mu ce don Allah a ba mu mai digiri, wanda zai iya Turanci gaban baƙi, kada maƙwabtanmu su raina mu. Ni da hannuna na taɓa rubuta irin wannan wasiƙar. Ba mu taɓa rubutawa mun ce a ba mu wanda ke zuwa gaisuwar mutuwa ba.

Sai maganar harshe, wadda ita kam tana hannunku. Ɗalibi ya yi shekara 4 yana karatu da Turanci, yana tunani da Turanci, yana rubuta furojet da Turanci, sannan a tura shi wurin mutanen da Hausa ce harshen sujadarsu, ko ma Hausar aro ce gare su, harshen gida daban. Ya san kalmar barata da tsarkakewa da fansa a Turanci da Helenanci, amma ka ce ya bayyana wa manomi su da misalin da ya sani, sai gumi. Furojet ɗin kuma da aka sha wahala aka buga aka yi wa bango mai ruwan zinariya, ina suke? Na shiga ɗakin da ake ajiye su na gani, ƙura da gara ne kawai ke karanta su. Nawa ma yana can. Taken sa ya shafi kula da gwauraye a ikilisiya, kuma ba gwauruwa ko ɗaya da ta taɓa jin abin da na rubuta, balle ta ce mini ƙarya nake yi.

Ku tuna yadda bisharar nan ta shigo mana. 'Yan mishan Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham sun sauka Legas a 1893, cikin shekara guda biyu sun mutu, Gowans a Girku, Kent a Bida. Waɗanda suka biyo baya, a wuraren da ba a yarda su yi wa'azi a kasuwa ba, miki suka wanke. Asibitocin kutare na Yadakunya a Kano da Babbar Ruga a Katsina da Amanawa a Sakkwato, asibitin ido na Kano, Galmi a Nijar tun 1950, Vom a Filato. Kakanninmu da yawa hannun da ya ɗaure musu ƙafa suka fara karantawa kafin su iya karanta baƙi. Sannan a shekarun 1960 da ƙungiyar bishara ta Sabon Rai Don Kowa ta tashi, ai talakawa ne, manoma da teloli da matan aure, suke fita biyu-biyu. Ba ina cewa zamanin da ya fi ba ne, su ma Turawan suna da nasu laifin da za a iya yini ana faɗa, amma a lokacin ba a raba mai sani da mai yi ba.

Kuma wahalar da muka sha a shekarun nan ta riga ta yi mana jarabawar da ba ku kuka shirya ta ba. 'Yan'uwanmu na EYN, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, waɗanda aka fara sujadarsu a gindin tsamiya a Garkida ranar 17 ga Maris 1923, su ne aka kwashe wa 'ya'ya a Chibok a Afrilun 2014, a Oktoban wannan shekarar aka kore su daga hedikwatarsu da makarantarsu a Kwarhi, malamai da ɗalibai suka watsu cikin duwatsu. An koya musu kada su rama, kuma aka zo aka tambaye su wannan darasin da bindiga. Rabaran Lawan Andimi na Michika, a bidiyon da masu garkuwa da shi suka fitar a Janairun 2020 kafin su kashe shi, ya nuna bai karaya ba, ya bar komai a hannun Allah. Leah Sharibu 'yar shekara 14 ce lokacin da aka ɗauke ta tare da 'yan makarantarsu a Dapchi a Fabrairun 2018, ta ƙi barin bangaskiyarta, alhali ba ta taɓa zama a ajin tauhidi ba. Ɗaliban da kuke yayewa yanzu irin wannan filin za su shiga, za su tsaya bakin kabarin mutum goma a rana ɗaya, matasa za su zo musu da dare da jajayen idanu su ce Fasto ka ba mu izini. Wace lakca ce ta shirya su don wannan daren?

Ga roƙona, kuma roƙo ne, ba umarni ba, ni wa.

Ku kira tsofaffin masu bisharan nan da suka yi ritaya suna zaune a gida ba fansho kirki, ku kira iyayenmu Matan Zumunta, ku ba su aji. Ba ranar baƙi ta musamman da za a tafa musu a ba su lemo a sallame su ba, aji na gaske mai maki, a biya su kamar yadda ake biyan lakcara. Su koya wa yaran nan yadda ake shiga gidan makoki, inda ake zama, tsawon shirun da ake yi kafin a buɗe Littafi, yadda ake sulhunta mata da miji ba a tona asiri ba, yadda ake gaishe da mai unguwa da liman in ka sauka sabon gari, yadda ake riƙe kuɗin baiko hannu bai yi ƙaiƙayi ba. Na san za ku ce hukumar da ke tantance makarantu da jami'o'in da kuke haɗe da su ba za su amince da malami marar takarda ba. To ku nemi hanya mana, ku ne masu ilimin, in an iya samun gurbin koyar da kwamfuta ai za a iya samun na wannan.

Aikin filin da ake tura ɗalibai lokacin hutu kuma a daina mai da shi wasa. Yanzu yaro ya je wata biyu, ya yi wa'azi sau uku, ya kawo fom mu cike masa, ni ne ma mai cikewa, duk layin "yana da kyau ƙwarai" nake bi don kada in ɓata masa. Ku sa ya zama shekara guda cur a ƙauye kafin a ba shi takarda, ya yi damina ya yi rani da mutane, kuma in za a tambayi halinsa kada a tambaye ni ni kaɗai, a aiko malami ya zo ya kwana, ya tambayi gwauraye da matasa da mai shagon da yake karɓar bashi, ya tambayi maƙwabcinsa Musulmi, tunda Bulus ya ce har na waje su yi masa shaida. In shaidar ba ta yi kyau ba a riƙe takardar, ko da shi ne na ɗaya a Ibrananci. Na san wannan zai jawo muku rigima da iyaye da gundumomin da suka biya kuɗin makaranta. Malaman ma kansu, wanda ya yi shekara 10 bai riƙe ikilisiya ba, a ba shi zango ɗaya ya je ya riƙe, ba don horo ba, don kunnensa ya sake jin yadda mutane ke magana. Tsarin nan na kai karatu inda mutum yake, wanda aka faro a Gwatamala a 1963 muka ara muka yi ta amfani da shi a nan da littattafan Hausa, a farfaɗo da shi da gaske, a daina kallonsa kamar karatun marasa galihu.

Kowane furojet kuma, kafin a sa masa hannu, a sa mai shi ya tsaya gaban ikilisiyar da ya yi bincike a kanta ya faɗi abin da ya gano da Hausa ko da harshen garin, minti 20, ba kalmar Turanci ko ɗaya, sannan a bar tsofaffi su yi masa tambaya.

Faston namu yana nan, bai san ina rubuta wannan ba, amma zan nuna masa kafin in saka, don kada in yi wa'azin abin da ban yi ba. Na gaya masa tambayar tsohuwar tun a satin, ya yi shiru ya daɗe, ya ce ba wanda ya taɓa yi masa ita a makaranta. Yanzu ranar Talata yana zuwa gindin darbejiya ya zauna a gefe, matan suna ta tsokanarsa wai sun sami sabuwar 'yar zumunta, saura a ɗinka masa zane. Mutanen bencin baya har yanzu ba su koma gida ba, an ba su ɗaki biyu a gidan wani dattijo, yara huɗu sun shiga makarantarmu, biyu suna ajina.

In wani cikinku yana so ya zo ya gani, hanyarmu ba ta da kyau in ruwa ya sauka, gara a zo kafin Yuni. Akwai ɗakin baƙi a gidan fasto, katifar ce dai ta ɗan kwanta a tsakiya.

Ku huta lafiya, a gaida iyayenmu mata.

Ɗanku cikin Ubangiji,
wani ɗan mai bishara, magatakardan ikilisiyar ƙauye